Ɗigon Ruwa da Hannun Ɗan Adam: Abin da Muka Gani a Kogon Postojna

Jawabin da aka gabatar a zaman ƙara wa juna sani na taron shekara-shekara



Da farko muna miƙa godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ga dacewar ba mu wannan dama, mu tsaya a gaban na gaba da mu, mu ba da labarin wata ziyara da muka kai wani kogon dutse a nahiyar Turai. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, to amma ilimin da ya tsaya a cikin matafiyi shi kaɗai bai amfani kowa ba. Shi ya sa da aka nemi mu yi magana ba mu yi nauyin baki ba. Za mu bayyana inda kogon yake, da yadda ya samu, da yadda ake zagayawa da baƙi a cikinsa. Abin da muke fatan ku tafi da shi gida kuwa guda ɗaya ne: abin da ruwa ya shafe dubban shekaru yana ginawa, yatsa ɗaya na iya ɓata shi cikin ƙiftawar ido, kuma abin da ya raba yatsan da wannan ɓarna shi ne ɗan jagora da ƙa'idar da yake tsarewa.

Inda kogon yake

Aiki ne ya kai mu birnin Triyeste da ke arewa maso gabashin Italiya, inda cibiyar nan ta nazarin kimiyya take, wadda marigayi Farfesa Abdus Salam ya kafa a 1964, kuma wadda malaman jami'o'inmu suka daɗe suna zuwa ƙaro ilimi a cikinta. Ranar da muka sami hutu sai abokan aiki suka ba mu shawara mu tsallaka iyaka zuwa Sulobeniya, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a mota ba. Sulobeniya ƙaramar ƙasa ce, mutanenta miliyan biyu ne da 'yan kai, kuma a 1991 ta ɓalle daga tsohuwar Yugoslabiya ta fara cin gashin kanta. Garin da muka nufa ana rubuta sunansa Postojna, ana furta shi Postoina. Yana da nisan kimanin kilomita 50 daga Lubliyana, babban birnin ƙasar, mazaunansa kuwa kimanin 10,000 ne. Da a wajenmu ne, da hedikwatar wata ƙaramar hukuma za a kira shi.

Sai dai a ƙarƙashin tuddan da ke gefen wannan ɗan gari akwai kogo mai rassa da lunguna da tsawonsu ya haura kilomita 24. Tun daga 1819, lokacin da aka fara rubuta sunayen baƙi a littafi, mutum sama da miliyan 40 ne suka shiga cikinsa. Masaukan baƙi da gidajen abinci da motocin haya na garin duk da bazarsa suke rawa.

Kusan rabin ƙasar Sulobeniya a kan dutsen farar ƙasa take zaune, kuma an ƙidaya kogunan dutse sama da 14,000 a cikinta. Tudun da muka ratsa a hanya ana kiransa Kras, daga sunansa ne masana ilimin ƙasa suka samo kalmar “karst”, wadda suke kiran duk wani yanki na duniya da ruwa ya rarake dutsensa ta ƙarƙashi. Wannan dutse ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato, da Ashaka a Jihar Gombe, da Malbaza a Jamhuriyar Nijar, ana ƙonawa ana yin siminti. Mu a buhu muka saba ganinsa, a can kuwa muka ga abin da yake zama idan aka bar shi da ruwa tsawon zamani.

Yadda ruwa ke sassaƙa dutse

Kafin mu shiga ciki, yana da kyau mu fahimci yadda abin yake faruwa, domin wanda bai san wahalar saƙa ba ba zai san darajar zane ba. Dutsen farar ƙasa a ƙarƙashin teku yake samuwa, daga ɓawo da ƙasusuwan ƙananan halittun ruwa da suka mutu suka taru a kan juna. Na Postojna ya haura shekara miliyan 70 da samuwa, kafin ƙasa ta motsa ta ɗaga shi ya zama tudu. Ko a Kalambaina ana tsintar ɓawon halittun teku a cikin dutsen, alamar cewa wurin ma ya taɓa zama ƙarƙashin ruwa.

Idan aka yi ruwan sama, ruwan yakan ɗauki iskar kabon daga sararin sama, ya ƙara ɗaukar mai yawa daga ƙasar da yake ratsawa, inda saiwoyi ke numfashi, ganyaye kuma ke ruɓewa. Wannan yakan ba shi ɗan tsami kaɗan, wanda harshe ba zai ji ba, amma ya isa ya narkar da dutsen farar ƙasa sannu a hankali. Ruwan yakan bi tsaga ya faɗaɗa ta, tsaga ta zama rami, rami ya zama hanya, har kogi guda ya sami wurin shigewa. A Postojna kogin da ya yi wannan aiki sunansa Pivka, kuma har yau ana ganinsa yana nutsewa cikin dutse a bakin kogon. Abin sha'awa, a Hausa jam'in kogo da na kogi ɗaya ne, wato koguna, a can kuwa kogi ne ya haifi kogo. Da tafiya ta yi tafiya sai kogin ya sami wata hanya can ƙasa, ya bar hanyoyinsa na sama a bushe. Su ne baƙi ke bi a yau.

Daga nan ruwa ya koma aikin ado. Ɗigon da ya tsattsafo ta rufin kogo yana ɗauke da narkakken dutse. Da ya haɗu da iskar kogon sai ya saki wani kaso na iskar kabon ɗin da ke cikinsa, ya ajiye ɗan ƙanƙanin farin gari a inda ya rataya. Duk wanda ya taɓa ganin farin ɓawon da ke taruwa a cikin butar shayi idan ana yawan dafa ruwan wasu rijiyoyi, to ya ga ɗan'uwan wannan gari. Ɗigo bayan ɗigo, sai wani siririn bututu ya sauko daga sama, daga baya ya yi kauri ya zama tsini mai reto. Ɗigon da ya faɗo ƙasa shi ma yakan ajiye ragowar abin da ya ɗauko, sai wani tsinin ya tsiro daga ƙasa yana neman na sama. Idan suka haɗu sun zama ginshiƙi. Idan kuwa rufin a karkace yake, ruwan yakan gangara ya bar wani abu kamar labule, mai sirantar da haske ke ratsa shi. Fari shi ne tsantsar dutsen, ja da ruwan ƙasa kuwa alamar tsatsar ƙarfe ce da ruwan ya kwaso a hanya.

Shiga ciki

Ba a shiga kogon sai da ɗan jagora, kuma sai a lokacin da aka rubuta a tikiti. Zagayen yakan ɗauki awa ɗaya da rabi, tsawonsa kimanin kilomita 5 ne, wajen uku da rabi a jirgin ƙasa, sauran kuma a ƙafa. Ba mu yi kuskuren faɗa ba, jirgin ƙasa ne a cikin kogo, ƙarami mai amfani da lantarki, taragunsa babu rufi. Muna zama sai sanyi ya fara yi mana sallama. A ciki ma'aunin zafi yana tsaye a wajen digiri 10 dare da rana, rani da damina, ga laima a cikin iska. Ɗaya daga cikinmu, wanda ya yi gardamar cewa shi ɗan hunturu ne, ya shiga da kaftani mara nauyi, kuma bai ƙara wannan gardama ba har muka fito.

Jirgin ya ja, ya kutsa cikin wata hanya mai ƙarancin tsawo har muna sunkuyar da kai ba tare da an ce mu yi ba. Abin da muka fara lura da shi shi ne bangon farkon kogon baƙi ne ƙirin kamar bayan tukunya, za mu dawo kan dalilin haka. Can sai wuri ya buɗe, muka ratsa wani babban zaure da aka rataya wa fitilun gilashi irin na fada, inda tun a shekarun 1820 mutanen yankin ke taruwa su yi rawa. Muka ci gaba da wuce tsinaye da labulaye ta dama da hagu har ido ya rasa wanda zai tsaya a kai. Jirgin ya tsaya a gindin wani tudu da ke cikin kogon, wanda suke kira Babban Dutse. A nan aka raba mu rukuni-rukuni bisa harshen da kowa ke ji, kowane rukuni da jagoransa.

Muka hau tudun, muka sauka, muka haye wata gada da ake kira Gadar Rasha, saboda fursunonin yaƙi 'yan ƙasar Rasha ne suka gina ta a 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Bayanta ne sashen da suke kira Kyawawan Koguna yake. Akwai zauren da dubban siraran bututu farare ke reto daga rufinsa, suna kiransa Zauren Taliya, kuma duk wanda ya taɓa ganin an shanya taliyar Hausa a kan igiya zai yarda sunan ya dace. Akwai Farin Zaure, akwai Jan Zaure. Gaba kaɗan muka iske tsinin da ya zama tambarin kogon, fari fat mai sheƙi, tsawonsa mita 5, wanda suka laƙaba wa sunan lu'ulu'u. Tafiyar ƙafa ta ƙare a zauren da ake kaɗe-kaɗe a cikinsa, wanda ke iya ɗaukar mutum 10,000, wato kusan dukkan mutanen garin. Idan aka yi tafi sau ɗaya a wurin, amon yakan daɗe yana yawo kafin ya mutu.

A tsakiyar wannan tafiya ne wani abu ya faru da ya zama silar wannan jawabi. Wani ɗan'uwanmu ya ga wani ɗan tsini a gefen hanya, tsawonsa bai wuce yatsa ba, yana ƙyalli da ruwa, sai ya miƙa hannu zai shafa. Jagoranmu ya dakatar da shi cikin ladabi, sa'an nan ya tara mu ya yi bayani. Ya ce maiƙon da ke fatar mutum yakan manne a jikin dutsen, ya hana sabon gari zama, ya kuma dusashe launinsa, ga shi siraran cikinsu ba su da wuyar karyewa. Ya ƙara da cewa a ƙiyasin da suke bai wa baƙi, tsini yakan ƙaru da kimanin milimita ɗaya ne a shekara goma, ko da yake wani ya fi wani sauri gwargwadon yawan ɗigo. Muka tsaya muka yi lissafi. Santimita ɗaya shekara 100 ke nan. Ɗan tsinin nan mai tsawon yatsa ya kusa shekara 1,000, wato ya girmi yawancin garuruwan da muke alfahari da tarihinsu. Ɗan'uwan namu ya mayar da hannunsa aljihu, mu ma da ba mu miƙa ba muka ji kunya tare da shi, domin da yawa daga cikinmu zuciya ta raya mana hakan.

Mai kunna fitila

An daɗe da sanin bakin kogon. A wani tsohon lungu akwai sunayen da maziyarta suka rubuta a bango, mafi tsufa ana danganta shi da shekarar 1213, kuma masanin nan Janez Vajkard Valvasor ya bayyana wurin a littafinsa na 1689. Amma duk waɗannan a zauren ƙofa suka tsaya, ba su san cikin gida ba.

A watan Afrilun 1818 aka shiga shirin tarbar Sarki Faransis na Ɗaya na Ostiriya, wadda yankin ke ƙarƙashinta a lokacin. Cikin leburorin da aka ɗauka su jera fitilu akwai wani talaka ɗan garin mai suna Luka Cec. Yana cikin aikinsa sai ya tsallaka kogin, ya hau wani dutse da ba a saba hawa ba, ya ɓace wa abokan aikinsa. Bayan wani lokaci ya sake ɓullowa yana ɗaga murya yana shaida musu cewa ya ga wata sabuwar duniya. Sassan da ya gano ne suka buɗe hanyar abin da ake nuna wa baƙi a yau. A watan Agustan 1819 Yarima Fadinan mai jiran gado ya ziyarci sabon sashen, daga nan aka buɗe kogon ga jama'a, shi kuma Luka Cec ya ci gaba da aiki a cikinsa. A 1831 ya sake tsintar wani ɗan ƙwaro mara ido, wanda masani Ferdinand Schmidt ya bayyana wa duniya a 1832. Wannan ne ƙwaron kogo na farko da kimiyya ta rubuta, kuma daga kansa nazarin halittun kogo ya samo tushe. Mutumin da aka ɗauka domin ya riƙe fitila, shi ya buɗe wa masana ƙofa har sau biyu, saboda ya san wurin da ƙafarsa kuma yana kallo da lura.

Abin da hukumomin garin suka yi bayan haka shi ma abin dubawa ne. Tun a shekarun 1820 suka kafa kwamitin kula da kogon, suka yanka kuɗin shiga, suka tsara aikin 'yan jagora. A 1857 layin dogo da ya haɗa Biyana da Triyeste ya biyo ta garin, baƙi suka ƙaru. A 1872 aka shimfiɗa dogo a cikin kogon kansa, inda 'yan jagora ke tura baƙi a ƙananan kekuna da ƙarfin damtse. A 1884 aka sa wutar lantarki, shekaru kafin Lubliyana ta samu. A 1899 har gidan waya aka buɗe a ciki. Daga baya aka kawo injin mai shan fetur, da aka ga hayaƙinsa na cutar da wurin sai aka sauya shi da na batir a shekarun 1950. Mulki ya sauya hannu daga Ostiriya zuwa Italiya, daga Italiya zuwa Yugoslabiya, daga nan zuwa Sulobeniya, sunan garin ma ya sauya daga Adelsberg zuwa Postumia zuwa Postojna, amma ba a daina shiga da jagora ba.

Tabon da ya ƙi goguwa

Kada a ɗauka cewa kogon ya tsira ba tare da rauni ba. Baƙin bangon da muka ambata ɗazu yana da tarihi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Jamus sun mayar da bakin kogon rumbun ajiyar man jiragen sama, ganga kusan 1,000. A watan Afrilun 1944 mayaƙan sa-kai na Sulobeniya suka lallaɓo ta wata hanyar ƙarƙashin ƙasa suka cinna wa man wuta. Kwana bakwai tana ci. Zafin ya farfasa adon wannan sashe, hayaƙin ya rine bango, kuma yau sama da shekara 80 ke nan tabon yana nan. Kafin zuwan lantarki ma, hayaƙin jiniya da na fitilun mai ya dusashe wurare da dama, kuma a zamanin da baƙi sukan ɓalle tsini su tafi da shi gida a matsayin tsaraba. Jagoranmu ya nuna mana gindin wasu da aka karya, har yau ba su mayar da ko ƙwatar abin da aka ɗauke ba.

Ita kanta fitilar lantarki tana da nata lahani. Kogo wuri ne na duhu, babu tsiron da ke rayuwa a ciki. Da zarar an kunna fitila ta daɗe, sai gansakuka ta fara fitowa kewaye da ita, ta mayar da farin dutse kore, tana cin fuskarsa. Shi ya sa a irin waɗannan wurare ake rage ƙarfin haske, ake kuma kashe fitilun sashen da babu kowa. Numfashin jama'a da ɗumin jikinsu su ma sukan sauya iskar wurin. Misalin da ya fi shahara shi ne kogon Lasko na ƙasar Faransa, mai zane-zanen mutanen farko, wanda wasu samari suka gano a 1940. An buɗe shi ga jama'a a 1948, amma kafin a ankara zanen ya fara lalacewa, dole aka rufe shi a 1963. Tun 1983 kwaikwayonsa ake nuna wa baƙi. Shekara 15 kacal na cunkoso suka isa su jefa abin da ya shekara dubbai cikin haɗari.

Saboda haka duk ƙa'idojin da baƙo zai iya ɗauka takura ce, kamar tsayawa kan hanyar da aka shata, da bin rukuni, da hana taɓawa, da hana hasken kyamara a wasu wurare, kowace da ɓarnar da ta haife ta. A 2004 dokar kare kogunan dutse ta fara aiki a Sulobeniya, ta ɗauke su a matsayin dukiyar ƙasa da ba a yarda kowa ya ɓalle ko ya fitar da wani abu daga cikinta ba. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani, a nan kuwa maganin ma babu shi, domin ba a gyara tsinin da ya karye sai dai a jira shekara dubu.

Kifin mutum da ruwan sha

Kusa da ƙarshen zagayen an ajiye wani akwatin gilashi mai ruwa a wuri mai duhu-duhu. A ciki muka ga wata halitta siririya, tsawonta kamar santimita 25, mai launin fatar Bature, da ƙananan ƙafafu huɗu da wasu jajayen tuntaye a gefen wuya da take numfashi da su. Mutanen ƙasar suna kiranta kifin mutum saboda launinta, ko da yake ba kifi ba ce, dangin kwaɗo ce. Idanunta a rufe suke a ƙarƙashin fata, da ƙanshi da motsin ruwa take gane abinci. Masana sun ce tana iya kai shekara 100 a raye, kuma tana iya shafe shekaru har wajen 10 ba ta ci komai ba. Mutanen da, idan ambaliya ta fito da ita daga ƙarƙashin ƙasa, sukan ce 'ya'yan dodo ne, kuma Valvasor ya rubuta wannan camfi nasu. A 1768 ne aka ba ta sunan kimiyya, Proteus anguinus.

A ƙarshen watan Janairun 2016 wani ɗan jagora ya lura da ƙwai guda a manne a jikin gilashin. Kafin uwar ta gama ta saka sama da 60, aka killace su ana sa ido dare da rana, bayan wata huɗu suka fara ƙyanƙyashewa, aka sami 'ya'ya sama da 20. Kafofin watsa labarai na duniya sun ɗauki labarin, domin abu ne da ba kasafai idon mutum ke gani ba. A lura, wannan karon ma ɗan jagora ne ya fara gani.

Wannan halitta ba ta rayuwa sai a ruwa mai tsabta, shi ya sa take zama ma'aunin lafiyar ruwan yankin. A ƙasa mai yashi ruwa yakan tace kansa kafin ya kai rijiya. A ƙasar da dutsenta ya rarake kuwa, duk abin da aka zubar a sama, ko takin zamani ne ko baƙin mai ko ƙazantar masai, yakan zarce ƙasa kai tsaye ba tare da tacewa ba. Kogin Pivka da ya nutse a Postojna yakan ɓullo a wani wuri da sunan Unica, ya sake nutsewa, ya fito da sunan Ljubljanica ya ratsa babban birnin ƙasar, daga nan ya shiga Sava, ya shiga Danub, ya ƙare a Baƙin Teku. Kaso mai yawa na ruwan shan 'yan ƙasar daga irin waɗannan maɓuɓɓuga yake fitowa. Ke nan wanda ya zubar da shara a rami a ƙauyensu, yana iya shan ta a famfo a birni. Tun 1947 akwai cibiyar bincike a garin Postojna da ke bin diddigin waɗannan hanyoyin ruwa.

Kammalawa

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu aiki ko karatu ko fatauci na kai mu ƙasashe, kuma irin wannan kogo ba a Sulobeniya kaɗai yake ba. Akwai Jeita a Labanan, akwai Cango a Afirka ta Kudu, akwai Mammoth a Amurka, wanda ya fi kowane tsawo a duniya. Wanda ya sami hali ya ware rabin yini ya je, kuma ya tafi da yaransa idan suna tare, domin darasin awa ɗaya da rabi a wurin ya fi na zango guda a allo. Ya ɗauki rigar sanyi ko da ana zafi a waje, ya sa takalmin da ba ya santsi, ya isa kafin lokacin da ke kan tikitinsa. Idan ya shiga, ya matsa kusa da ɗan jagora ya yi tambaya, domin baƙo ko da idonsa makaho ne. Hannunsa kuma ya zauna a aljihu.

Da jirgin ya fito da mu, mun tsaya a kan gada muna kallon kogin Pivka yana shigewa cikin dutse kamar yadda yake yi tun kafin a san za a yi garin. Ɗan'uwanmu mai miƙa hannu ne ya fara magana, ya ce shi abin da ya tsaya masa a rai shi ne mutum miliyan 40 sun bi ta gaban wancan ɗan tsini, kuma da ɗaya daga cikinsu ya sami sakacin jagora, da mu ba mu same shi ba. Muka ce masa haka ne, kuma na bayanmu ma za su same shi, tunda shi ma an dakatar da shi ya kuma ji.